Hannun Daman Kakana

Jiya a cikin bas na ji ƙamshin man zafi irin wanda ake shafa wa kakana, sai ga ni a Tottenham, hawa na huɗu a gidajen council, na gwamnati, ina ɗan shekara goma. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni da makaranta gaisuwa kawai muka yi.

Kakana tsohon ɗan dambe ne. An kawo shi London neman magani bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ƙi. Hannun da ya kayar da maza, ga shi kwance a cinya kamar na aro. Tun daga nan ya daina cin abinci tare da mu. Ba zai sa hagu a kwanon jama'a ba, ba kuma zai yarda a ba shi a baki ba. Sai a kai masa ɗaki, ya tura ƙofa. Sau da yawa tuwon yakan dawo yadda aka kai shi.

A hawan ƙasa akwai wani tsoho ɗan ƙasar Sin. Kullum da safe, ko ana sanyin da ke cin kunne, yakan tsaya a kan ciyawa, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe kamar ya rungumi randar da ba a gani. Mu yaran da ke zuwa koyon karate, muna ihu muna naushin banza, dariya muke masa. Ya ce mana Japanawa masu karate da ihu suke fito da ƙarfi, su kuma mutanen Sin da shiru suke tara shi, amma ma'ajiyar ɗaya ce: yatsa uku ƙasa da cibiya.

Wata rana a lift ɗin hawa bene ya taɓa hannun Kaka, ya ce in fassara masa: ƙarfi ba a damtse yake ba, numfashi ne, ana tura shi har yatsu.

"Kai, ɗan nema," in ji Kaka, "tambaye shi, ya taɓa kayar da wani?"

"Ya ce a'a, tsoho."

"To, gobe zan sauko in ga ƙarya."

Wata bakwai suna wannan tsayuwa, ba mai jin yaren wani. Kaka ya ce yana jin ɗumi yana tafiya har gwiwar hannu. Likita ya ce babu abin da ya canza. Hannun bai ɗagu ba ko sau ɗaya.

Wata Juma'a da rana Kaka ya fito falo, ya zauna gaban kwano. Ya ja numfashi har cikinsa ya taso, ya sake shi a hankali, ya yi bisimilla, ya sa hagu. Ba wanda ya ɗaga kai. Mahaifiyata ta tura nama gefensa. Ya cinye.

Yanzu likitoci ne ke tura mu, masu ciwon gwiwa, yin irin wannan tsayuwa, a sa mana rana, mu jeru a zaure wata yarinya tana ƙirga mana numfashi. Nakan laluba ƙasan cibiya, tumbi kawai nake samu. Ina dai tsayawa har lokaci ya cika.