Kwamfutar Gwaggo Asabe Ba Ta Ce Ta Gaji Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Gwaggo Asabe a Takur da hantsi ya san ba ta kunna kwamfutarta sai ta yi mata sallama. Wallahi ba ƙari na yi ba, ku ma shaidu ne. Za ta yaye zanin atamfar da take lulluɓe ta da shi, ta ninke shi tsaf, ta ce, "Salamu alaikum mutuniyar, an tashi lafiya?" sannan ta danna. Ita kuwa mutuniyar ta kama gurnani kamar injin markaɗe. Sai ka sha koko ka wanke kwano kafin ta gama farkawa.

Ga yaran da ba su riski zancen ba: Gwaggo ƙanwar babana ce, kuma aikin buga takardu ta yi, tun daga Garki har aka dawo da ita Dutse. Da za ta ajiye aiki aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, ta ɗauko kwamfutar da ta saba bugawa a kai ta kawo gida. Allonta baƙi ƙirin, rubutu fari ƙanana, ba hoto ba ado. Ni kuwa da na karanci kwamfuta na buɗe shagon gyara, duk na shiga gidan na gan ta sai raina ya ɓaci.

"Gwaggo, don Allah ki bari in kawo miki ta zamani. Wannan ai ta girmi aurena."

"Injiniya ke nan," in ji ta. Haka take kirana, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ta ce maka ta gaji?"

Kun san wannan tambayar. Silifas ɗinta da aka ɗinke sau uku, ta ce maka ta gaji? Tocilan ɗin da sai an mare ta take kamawa, ta ce maka ta gaji? Ba a taɓa cin Gwaggo a wannan shari'ar ba, don kayan ba sa magana.

Abin da ke cikin kwamfutar shi ne littafin shayarwa. Danginmu daga Garki zuwa Haɗeja auren zumunci muke yi, kuma a da in mace ta kwanta ciwo ko ta tafi gona mai nisa, wata ce za ta ba jaririnta nono. Gwaggo kaɗai ta riƙe wa ya sha nonon wa, kuma tana zuba shi a rubuce gida-gida, don kada wata rana a ɗaura wa mutum aure da 'yar'uwarsa ta shayarwa. Ta kai rabi sai likita ya ce tana da hawan jinin ido, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙananan haruffan nan suka fara ɓace mata. Sauran rabin kuwa yana cikin kanta, babu shi a ko'ina.

Na ce shi ke nan, ga dama ta samu, za ta karɓi sabuwa. Ina! Na kawo mata tawa ta taɓa madannan sau biyu ta ture.

"Wannan ai kamar danna tuwo ne. Ba na jin na buga komai."

Ashe ta riga ta yanke shawara. Kafin ta bar ofis ta ga an saka wa wasu kwamfutoci tsarin nan mai tagogi da hotuna, wanda ake iya ƙara wa rubutu girma. Shi take so a saka wa mutuniyar. Na yi dariya, na ce ƙwaƙwalwar abar ba za ta ɗauka ba, kuma faya-fayan da ake sakawa da su an daina ganinsu tun ina firamare. Bayan mako biyu sai ga direban bas ɗin Haɗeja a ƙofar shagona da gwangwanin biskit. Na buɗe, faifai goma sha huɗu, irin masu kusurwa huɗun nan, kowanne da lambarsa. Wani tsohon abokin aikinta ne ya ajiye su a ƙasan akwati. Kunya ta sa na tafi Kano na tono ƙarin ƙwaƙwalwa daga cikin wata matacciyar kwamfuta a kasuwa.

Saura wuta. Aikin na bukatar wajen awa uku ba yankewa, ana cire faifai ana saka wani. Gwajin farko aka ɗauke muna kan na biyar. Na biyu muna kan na tara. Na uku har mun kai na sha ɗaya, allon ya yi ɗif, ni kuma na kusa yin ashar a gaban Gwaggo.

"Bari in ɗauko janareto daga shago," na ce.

"Ɗanyar wuta? A jikin tsohuwa? Ba da ni ba."

"To yaya za a yi, Gwaggo? Idon naki jira zai yi?"

Na ga na taɓa inda ke ciwo. Can ta ce, "Shekara nawa na yi a ofis? Ranar da babban baƙo ya shigo garin nan ba a ɗauke wuta sai ya hau mota. Jeka, zan neme ka."

Daga ranar rediyo bai bar kunnenta ba. Wata Talata da sassafe ta kira ni: baƙo daga Abuja zai buɗe wani gini, in rufe shago in zo. Akwai suna a gidan Yaya Hadiza ranar, ta aika a ce tana da uzuri mai ƙarfi. Yaya Hadiza, yau dai kin ji uzurin.

Muka zauna, rediyo a gefe ana watsa taron kai tsaye. Ni ke saka faifai, ita ke danna madannai, don ta ce hannuna ba shi da ladabi. Muna kan na goma baƙon ya fara jawabi. Matar da ta tsani dogon surutu, wadda ke kashe rediyo in an fara gaishe-gaishen manya, sai ga ta tana cewa, "Allah Ya ƙara maka lafazi, bawan Allah." Muna kan na sha biyu muka ji ya ce, "A ƙarshe..."

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Wane irin ƙarshe? Tun daga Abuja ka zo ka faɗi wannan 'yar maganar? Ba ka yi zancen noma ba!"

Aka tafa, ya zauna. Sai mai gabatarwa ya kira wanda zai yi jawabin godiya. Da Gwaggo ta ji sunan ta koma kujera ta gyara ɗankwali.

"Kwantar da hankalinka, Injiniya. Wannan ni na riƙa buga masa jawabi. Shafi tara ne mafi gajartarsa."

Bawan Allah ya gode wa kowa har masu jera kujeru. Yana kan direbobi muka cire faifai na sha huɗu. Mutuniyar ta yi gurnani, ta yi shiru, sai ga allon da na sani baƙi tun tasowata ya yi haske, ga 'yan hotuna, ga taga, ga kibiya a tsakiya. Na yi kabbara ban sani ba. Ni mai digiri na ce ba zai yiwu ba, tsohuwa mai rabin gani ta yi shi da rediyo. Har yau in abokan sana'a suka fara cika baki, wannan labarin nake ba su, kuma da alfahari nake ba da shi.

Na kawo mata linzamin da ake tura kibiyar da shi, ta juya shi ta ce yatsu goma Allah Ya ba ta, ba za ta koma aiki da ɗaya ba. Shi ta riƙa danne zanin atamfar da shi kada fanka ta ɗaga. Na ƙara wa rubutun girma har kalma biyar ke cika allon. A haka ta buga shekara biyu, hancinta kusan a jikin gilashi. In na ce ta huta sai ta ce, "Na ce maka na gaji?"

Bayan rasuwarta bara aka ce in buɗe littafin, saboda maganar auren yaron danginmu Nafi'u. Na yaye zanin, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi sallamar. Na duba, auren babu matsala. Sai na gangara ƙasa in ga ko ta kammala. Ta kammala. Layin ƙarshe ne ya tsayar da ni, ga sunana da manyan haruffan nan: "Sagiru ɗan Yaya Musa. Ya sha nonona wata bakwai, bayan rasuwar jaririna, lokacin uwarsa na kwance."

Gwaggo ba ta sake haihuwa ba, mijinta bai bar ɗa ba, babu auren da wannan layin zai hana. Don ni ta rubuta shi. Shekara da shekaru ina zaton tsokana ce take ce min Injiniya, ashe kunyar ɗa take yi.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, uwata. Ya haskaka mata kabarinta, Ya mayar mata da ganinta a Aljanna. Amin.