Farantin Sola da Kuɓewar Goggo

Ba ni da tabbacin na riƙe komai daidai, don shekarun gudun hijira sun cakuɗe mini. Bayan mun baro Gatawa mun zauna Isa, farantin solar da muke cajin waya da shi ya mutu. Goggona ta ga yadda gilashinsa ke ɗaukar zafi, sai ta so ta riƙa shanya kuɓewa a kai.

"Kai da ka yi jami'a, akwai illa?" ta tambaye ni.

Na ce babu, alhali ban bincika ba. Kaka biyu tana shanya a kai, jikokinta suna shan miyar.

Daga baya na karanta cewa akwai dalma kaɗan a mahaɗin wayoyin irin wannan faranti, kuma idan gilashin ya tsage, ruwa na iya fito da ita. Na je na ce mata za ni karɓe shi.

"Ɗana, ka makara," in ji ta tana dariya. "Ɗan gwangwan mai sayen tsoffin ƙarafa ya saye. Ya ɓalle ƙarfen gefe, sauran ban san inda ya jefa ba."

Na san akwai tsaga a kusurwa ɗaya, amma na kasa tuna ko kafin shanyar tsagar ta fito ko bayanta. Goggo ta ce bayanta, sai dai wataƙila lallashina take yi. Ƙaramar jikarta tana yawan ciwon ciki, ko da yake ba ni da hujjar cewa wannan ne dalili. Duk wanda ya ga farantin a lokacin, don Allah ya aiko mini da gyara.