Tambayar Inna a Waya

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da makon da wayar yayana ta ƙi shiga ba.

A shekarar ne aka kafa mana dogon ƙarfen rezo, wato na sabis ɗin waya, a ƙauyenmu, kusa da Hawandawaki. Kafin nan sai mun hau amalanke zuwa wani tudu muke samun yin waya. Kayan daga wata ƙasa mai nisa aka kawo su, kuma an sha gardama a ƙofar maigari. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce duk maganar da ta bi ta ƙarfen nan, waɗanda suka ƙera shi na iya ji, kuma ba mu san wa za su ba labarin ba. Ƴan kasuwa suka ce to ya ƙera mana namu, in ya iya. Ni dai dariya na yi. Wa zai ɓata lokacinsa yana sauraron farashin wake?

Yayana soja ne, kuma ya taɓa gargaɗinmu kada mu tambaye shi inda yake a waya. Amma ranar da rezo ya shigo har tsakar gida, Inna, wadda ko sunansa ba ta faɗa don ɗan fari ne, murna ta sa ta karɓi wayar da kanta. Bayan gaisuwa ta tambaye shi garin da aka kai su. Ya kauce wa tambayar. Ta sake tambaya. Ɗa ba ya barin uwa ta tambaya sau uku, sai ya faɗa.

Ba a jima ba muka ji a rediyo an kai hari yankin da ya faɗa. Muka kira, waya a kashe. Muka yi ta kira. Inna ta daina cin abinci, ta bar gona ana tsakiyar girbi. Ni kuwa duk lokacin da na ɗaga kai na ga ƙarfen nan, sai na tuna da maganar malamin lakwal. Na je wurin malamin ko zai kwantar min da hankali, ya ce shi ma bai sani ba. Wai ko manya a Yamai, babban birninmu, tsoron suke ji, amma kayan da ƙarfinsu ya kai su saya ke nan.

Wata rana da hantsi wayar ta yi ƙara. Muryar yayana ce, wai manyansu ne suka karɓe musu wayoyi. Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Kak ka hwaɗi min inda kake," in ji ta. "Ka ce min kana lahiya, shi ke nan."

Har yau ban san ko wani ya saurare mu ba. Abin da na koya shi ne, ɗakin da ba kai ka gina ba, ka rage murya a cikinsa, ko da ɗanka kake magana.