Wanda Na Sani da Wanda Ban Sani Ba

Ni ba mai saurin yafiya ba ce, kuma na daina jin kunyar faɗar haka. Wadda ta cire mini kunyar wata tsohuwar Bajamushiya ce da na yi jinyarta a Silver Spring, a nan Amurka, shekarun da nake aikin nas ina bin tsofaffi gida-gida. Ƙugunta ya karye, 'ya'yanta suna nesa, ni ce mai zuwa da safe in yi mata wanka, in duba sukarinta, in sha masifarta. In shayi bai yi zafi ba sai ta ture kofin. Mun daidaita da wuri, don ni ma ba kanwar lasa ba ce.

Wata safiya ina taya ta sa tufafi, na miƙa mata bel, sai ta riƙe shi tana kallonsa. Daga nan ta fara ba ni labarin ubanta. Hafsan soja ne, yana cikin waɗanda suka ƙulla kashe shugaban kama-karyar Jamus ana cikin yaƙin duniya na biyu. Bom ya tashi, mutumin ya tsira, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka kama. Ta ce a kurkuku hannuwan ubanta a ɗaure suke dare da rana, fitilar ɗakin ba a kashe ta. Ranar shari'a aka tuɓe masa kaki, aka ba shi wani tsohon wando da ya yi masa yawa, aka hana shi bel, don ya tsaya gaban alƙali yana riƙe da wando ana yi masa tsawa ana ɗaukar hoto. Aka rataye shi, aka ƙona gawar, ba kabari. Uwarta aka kulle ta, su kuma yaran aka kai su wani gidan yara aka canza musu suna.

Amma abin da ya fi ci mata rai ya faru ne bayan yaƙi. Wani gandiroba da kakarta ke ba wa abinci da wankakkun kaya ya kai wa ubanta ya ci gaba da karɓa har bayan an rataye shi, bai taɓa gaya wa tsohuwar ta daina wahala ba. Da mulkin ya faɗi sai ga shi a ƙofarsu, hula a hannu, yana roƙon uwarta ta sa hannu a takardar shaida cewa shi mutumin kirki ne. Uwar ta gaji da duniya, ta sa. Ya koma aikin gwamnati, ya tsufa cikin rufin asiri.

Ban san lokacin da na zauna a bakin gadonta ba. Ban taɓa gaya wa Bature labarin yayana ba sai ranar.

Yayana manjo ne a lokacin mulkin soja a gida. Aka ce da shi cikin masu shirin juyin mulki. Wanda ya zo ɗaukarsa amininsa ne, tare suka shiga soja, ya ci tuwon Innarmu har ba a ƙirga shi cikin baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Inna, 'yan tambayoyi ne, yanzu zai dawo.” Aminin nan aka ɗora kan masu binciken. Bayan watanni aka aiko cewa yaya ya rasu a tsare, ba gawa, ba bayani. Inna ta tsufa, idonta ya tafi, amma duk wayar da na yi mata sai ta ce, “Har yanzu ba a ji inda aka sa shi ba?”

Shekaru sun ja, sai ga aminin nan a Landover, kusa da mu. Ɗansa injiniya ne a nan, ya kawo shi maganin ciwon daji. Jama'armu suka karɓe shi hannu bibbiyu, Baba Kanar sama, Baba Kanar ƙasa. Na hango shi sau ɗaya a wata walimar suna yana jan carbi, na ajiye farantina na fita.

Da likitoci suka sallame shi, sai liman da dattawa biyu suka zo gidanmu. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka yi ta kewaye-kewaye. Ƙarshe liman ya ce, “Hajiya, bawan Allah nan kwanansa ya ƙare. Yana neman yafiyar kowa, taki ce ta fi tsaya masa a rai.” Maigidana ya dube ni da idon nan na ki rufa mana asiri. Na ce zan yi tunani.

Washegari na gaya wa Bajamushiyar ina taje mata kai. Ta kama hannuna da yatsunta masu sanyi ta ce, “Uwata ta bayar ba ta tambayi komai ba, kuma har ta mutu tana cizon yatsa. Ki je. Ki sa shi ya faɗa da bakinsa, gaban mutanensa.”

Ranar Lahadi bayan azahar muka je. Gadon asibiti aka kafa masa a falo, ɗakin yana warin magani da turaren wuta. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Ga ɗansa, ga matar ɗan, ga liman da dattawa, ga jikarsa budurwa a lungu tana latsa waya. Wallahi na duba zuciyata ko zan samu tausayi, ban samu ko ɗis ba.

Ya ɗago hannu ya ce, “Ƙanwata, ki yafe mini don Allah. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba.”

Haka muke faɗa duka, mai tafiya Makka da mai jinya da wanda azumi ya kama. A dunƙule komai a jimla ɗaya, mai haƙƙi ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Liman har ya fara gyara zama.

Na ce, “Wanda ba ka sani ba, wannan tsakaninka da Allah. Wanda ka sani nake so in ji. Faɗe shi.”

Liman ya ce, “Haba Hajiya, ba a tone-tone a gaban mara lafiya.”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, haƙƙin wa aka zo nema, naka ko nawa?”

Ɗan ya yi wa yarinyar magana da Turanci ta shiga ciki. Ba ta motsa ba. Irin yaran nan ne da ke jin Hausa tsaf amma su amsa da Turanci, kuma ta riga ta kife wayarta a cinya.

Tsohon ya ɗaga ido ya kalli silin. Sannan ya fara, murya ƙasa-ƙasa, ina tsayar da shi duk inda ya so ya tsallake. Ya ce umarni ne daga sama. Na ce ban tambayi sama ba, wa ya ce a ɗaure shi? Ya ce shi ne. An rataye yaya ta hannuwa har kafaɗunsa suka goce. An bar shi da sarƙa a ƙafa, ƙafar ta ruɓe. Ya roƙi likita, ya kira amininsa da sunan da suke kiran juna tun suna kurata, aminin ya juya ya fita.

Na ce, “Ina kuka sa shi?”

Ya faɗi barikin, ya ce bayan filin koyon harbi, gindin wata tsamiya, su uku a rami ɗaya.

“An yi masa wanka?”

“A'a.”

“Sallah fa?”

Ya girgiza kai. Matar ɗan ta toshe baki da mayafi. Jikar ta tashi tsaye tana kallon kakanta, hawaye na zuba ba ta share ba. Na sa ya maimaita kwatancen, na maimaita masa, ya ce haka ne.

Kowa ya ɗauka an gama, tunda ya faɗa ai sai a yafe. Liman ya ɗaga hannuwa, dattawa suka ɗaga, maigidana ma ya ɗaga. Tsohon ya zuba mini ido yana jira.

Na miƙe na gyara mayafina na ce, “Na ji. Ban yafe ba. Ka je, yayana yana can yana jiranka, ni ma ina tafe.”

Wani dattijo ya yi salati. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, irin na wanda aka cire wa ƙaya da ta daɗe a ƙafa. Matan unguwa sun yi wata da watanni suna amsa gaisuwata a daƙile, wata har ta aiko mini da wa'azi a waya kan falalar yafiya. Na goge shi.

Washegarin ranar da safe, kafin in tafi aiki, na kira gida. Ƙanena ya kara wa Inna wayar a kunne. Na gaya mata barikin, da filin, da tsamiyar. Sauran ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ji tana maimaita wurin a hankali don kada ya kuɓuce mata.

Can ta ce, “Da bakinsa ya faɗa?”

Na ce, “Da bakinsa, Inna. Gaban ɗansa da jikarsa.”

“Kin yafe masa?”

“A'a.”

Sannan ta ce, “Allah ya yi miki albarka. Nawa haƙƙin ma yana nan, kada wani ya yafe a madadina.”