Gidajen da Yaya ya je gani a Dubai

Ana idar da sallar asuba muka bar masaukin Yaya a Al Ras. Sarin kaya ya kawo shi, amma ya rantse ba zai koma ba sai na kai shi ya ga gidajen nan masu jan rufi da yake gani a waya. Nufinsa bayan Babbar Sallah ya rushe gidan marigayi Babanmu na Zariya, ginin ƙasa, ya dasa irinsu. Ni da na karanci zanen gini, ni zan zana masa. Tun da ya faɗa ban sake barcin kirki ba.

Jirgin ƙasa muka hau, cike da ma'aikata masu gyangyaɗi a tsaye. Da muka sauka muka sha shayin karak mai madara da farata, wata gurasa ce mai mai, Yaya yana juya kuɗin zuwa naira yana tsaki. Daga nan sai tasi, titi shimfiɗe ba rami ko ɗaya, direban yana ta sharara gudu yana faɗin “yalla yalla”, wato maza-maza.

Unguwar tsit, ba kaza ba maƙwabci. Gida guda aka buɗe wa masu saye. Ƙofofi masu baka, tsakar gida da ruwa, azara a rufi. Yaya ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa azarar, sai ta yi ƙarar fanko. Roba ce aka yi wa fenti.

Nan na ga dama ta samu, na shiga zuba. Na ba shi labarin wani Ba'amurke mai zanen gini da muka karanta a makaranta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gina wa attajirai gidaje irin na tsohuwar Andalus, masu jan rufi kamar waɗannan. Har yawo yake yi ƙauyukan can yana sayen tsofaffin ƙofofi da tagogi. In bai samu ba, sai ya sa leburori su daki sabon katako da sarƙa don ya yi kama da tsoho. Na ce, “Yaya, abin da suke wahalar kwaikwayo, mu muna da na gaske.”

Ya yi ta jinjina kai har muka hau jirgi, ni kuwa zuciyata fal murna, na ɗauka ya fasa rushe gidan. Muna dab da Al Ras ya juyo.

“Ka ce saye suke yi? To kafin a rushe, a ciro ƙofar zauren Baba a hankali. Ka nemo mana mai saye a nan.”

Na koma ɗakina da la'asar, raina a ɓace, na kasa zama na kasa kwanciya. Tafiyar ta koya mini cewa ɗan kasuwa da kunnen kasuwa yake saurare. Da bakina na sa wa ƙofar Baba farashi.