Idon da Ya Kai Ni Hoton Ƙwaƙwalwa

Dukawuya

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da yayana Sule mai shayi, za mu asibiti a ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Wata guda ke nan idona na hagu ya ƙi juyawa gefe, komai biyu nake gani. Yaya Sule ya dage cewa ajin yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata ne ya murɗe mini ido. Muka yi alkawari: in hoto ya nuna haka, na bar karatu. Kafin mu tashi ya haɗa mini shayina na kullum, mai sugan da cokali kan tsaya a ciki.

Kabara

A bakin titi na ga Adaidaita Sahu biyu, na nufi wanda babu shi, saura kaɗan in zauna a kwata. A Kabara masu kula da hanya suka tsayar da mu. Na ce su huɗu ne. Direba ya ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara mana su."

Asibiti

Da hantsi aka kira ni. Wata malamar jinya ta karɓe zobe, agogo da makullaina, ta ce na'urar ɗaukar hoton tana jan ƙarfe. Aka kwantar da ni, aka tura ni cikin wani rami mai ƙara kamar injin niƙa, aka ce ko ƙwayar ido kada in motsa.

To, ashe akwai ɗan rubutu manne a saman ramin. Wanda ya koyi karatu da girma ba ya iya wuce rubutu. Na fara harhaɗa baƙaƙe, ga su layi biyu, ina ɗaga kai ina bin kowanne. Hoto ya lalace. Aka sake, na sake. A na uku malamar ta ɗora mini ƙyalle a fuska, ta ce in na fito za ta karanta mini da kanta.

Bayan azahar likita ya haska hoton, ya ce babu ƙari, babu jinin da ya taru. Jijiyar da ke jan ido gefe ce ta yi rauni, kuma gwajin jini ya nuna ciwon suga ne sila. Zai warware a hankali; kafin nan in riƙa rufe ido ɗaya. Yaya Sule ya tambaya ko karatu bai da hannu. Likita ya ce ko kaɗan, sannan ya tambayi wa ke haɗa mini shayi. Yaya ya tsaya kallon fanka.

Gida

Mun iso Dukawuya da la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa malamar jinya da haƙurinta. Gobe ina aji da ido ɗaya a ɗaure. Yaya Sule kuwa, shi ma ya ba da sunansa a ajin, wai ya zo ya sa mini ido.