Ranar da Gwaggo ta cinye maɓallin Inna

Shekaru na yi ina sarrafa fitilun wani ɗakin taro a wajen Ƙofar Sauri, kuma ban taɓa liƙa rubutu ko ɗaya a kan na'urar kunna su ba. Maɓallai ne rututu, kowanne na ɗura masa irin haskensa, lissafin kuma yana cikin kaina. Idan wani ya tambaye ni, sai in ce aikin na masu ilimi ne. Girman kai ne kawai, Allah Ya yafe mini.

Sai makarantar matan aure ta unguwarmu ta kama ɗakin don bikin yaye ɗalibai. Cikin ɗaliban har da mahaifiyata. Inna ta haura sittin kafin ta riƙe fensir, kuma ita aka zaɓa ta karanta shafin da ta rubuta da hannunta. Matsalar ita ce idonta ya fara yana, in ba fari tas hasken yake ba, baƙaƙen haɗewa suke yi mata. Ɗakin nan kuwa mai shi ya toshe tagoginsa duka, da azahar ma duhu ne.

Hajiya shugabar makarantar ta ce mini taron na mata ne zalla, namiji ko ƙafarsa.

Na ce, "Hajiya, to wa zai kunna wuta?"

Ta ce, "Ka koya wa Gwaggonka."

Innalillahi! Gwaggo, yayar mahaifina, wadda rediyo ma sai ta kira maƙwabta su murɗa mata. Kwana biyu ina yi mata bayanin mataki na ɗaya zuwa na arba'in, tana kallona tana tauna goro. Daga ƙarshe ta ce, "Kai ɗan nan, mi kake ta faɗi ne? Wanne ne ja?"

Haushi ya kama ni, amma tambayar ta zauna mini. Na koma na rushe aikin shekaru, na tattara fitilun gida-gida, na mayar da komai kan maɓalli huɗu. Da yake Gwaggo ba ta karatu, na shiga madafar Inna na ƙullo kaya a 'yan ledoji. Ja na liƙa masa barkono, kore kuka, shuɗi bular wanki. Na huɗun shi ne farar fitilar da ke saitin inda Inna za ta tsaya, na manna masa ɓarin goro fari. Cikin minti biyar Gwaggo ta haddace, har tana gyara mini zama.

Ranar taron aka kora ni waje. Na zauna a bencin maigadi, rana na dukana, ina kallon hasken da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Aka yi wasan kwaikwayo, na ga ja, na ga kore, kowanne a kan lokacinsa. Har wani kishi na ji.

Sai aka kira Inna a lasifika. Ƙarƙashin ƙofa ya yi duhu, ya zauna a duhun. Ina jin ƙarar takarda a hannunta, ina jin numfashinta. Can na jiyo muryar Gwaggo daga bayan ɗaki, ba ko kunya: "Wa ya ga goron nan?"

Wata ta amsa mata, "Ai ke kika cinye shi tun ana wasa!"

Mata suka kwashe da dariya. Ba goron nan, maɓallin Inna ya saje da sauran maɓallan rututu. Na miƙe zan faɗa ciki, maigadi ya riƙe mini riga. Wata uku Inna tana bitar shafin nan a tsakar gida, ga shi za ta sauko ba ta karanta ko harafi ba, saboda ɗanta mai ilimi ya yi alama da abin ci.

Kwatsam ƙarƙashin ƙofa ya yi fari fat. Daga baya na ji yadda aka yi: Gwaggo ce ta fusata, ta kifa tafin hannu a kan barkono da kuka da bula gaba ɗaya. Ja da kore da shuɗi in sun haɗu a fitila fari suke bayarwa. Na san haka sarai, amma wallahi a benci ban tuna ba.

Inna ta fara. A hankali take ja, tana tsayawa, tana komawa baya. Ta karanta yadda ta yi shekara da shekaru tana dangwala yatsa a duk takardar da aka miƙo mata, ba ta san me ke ciki ba. Na zauna na yi kuka sosai, maigadi ya kawar da kai.

Washegari na tarar da Inna a tsakar gida ta yanki 'yar takarda, ta sunkuya a kanta da fensir. Ta miƙo mini ta ce, "Ungo, liƙa wannan. Shi dai Gwaggonka ba za ta ci ba."

Na karɓa na duba. Ta rubuta "fari", ƙafar harafin farko ta ɗan karkace. Har yau yana nan a kan maɓalli na huɗu, shi ne rubutu na farko da ya hau na'urar.